Sonatrach da Kudancin Sahara: Tarihin Haƙar Mai da Gas a Aljeriya Daga Mahangar Tamanrasset

Birnin Tamanrasset yana zaune ne a tsakiyar duwatsun Ahaggar, a tudun da ya kai kimanin mita 1,400 sama da teku, da tazarar kusan kilomita 2,000 daga Aljiyas, babban birnin Aljeriya, kuma babu rijiyar mai a cikinsa ko a gefensa, domin ƙasar da ke ƙarƙashinsa tsohon dutse ne mai tauri haɗe da ragowar aman wuta, alhali mai da iskar gas ba sa taruwa sai a kwaruruwan da yashi da laka suka daɗe suna kwanciya a kan juna har suka zama dutse mai ƙananan ƙofofi. Duk da haka, da wuya a sami wurin da ya fi wannan birni dacewa da mai son fahimtar tarihin Sonatrach, kamfanin mai na ƙasar Aljeriya, saboda a nan ne titin da ya taso daga gaɓar teku yake miƙa hannu ga Nijar da ƙasar Hausa, a arewacinsa ne aka fara cin karo da gas a Sahara, kuma shirye-shiryen faɗaɗa da kamfanin ke magana a kansu a yau sun karkata zuwa wannan shiyya.

Ma'aikatan wannan fanni suna bambanta abubuwa uku da masu sauraron labarai kan haɗa su wuri guda. Na farko shi ne ajiya, wato adadin man ko gas da aka tabbatar yana ƙarƙashin ƙasa kuma za a iya fito da shi da riba. Na biyu shi ne ƙarfin haƙowa, wato abin da rijiyoyi da injuna da bututai za su iya fitarwa kowace rana na tsawon lokaci ba tare da an illata filin ba. Na uku shi ne abin da ya isa kasuwa bayan an cire wanda aka mayar cikin ƙasa, da wanda aka ƙone, da wanda injunan aikin suka sha. Tarihin Sonatrach, idan aka bi shi a tsanake, tarihin ƙoƙarin cike giɓin da ke tsakanin waɗannan ukun ne, kuma kowane zamani da irin abin da ya rasa: wani bututu, wani ƙwararrun ma'aikata, wani jari, na yanzu kuwa ruwa da yardar mutanen kudu.

Gadon mulkin mallaka

A shekarar 1954, wadda a cikinta ne yaƙin neman 'yancin Aljeriya ya ɓarke, wani kamfanin Faransa mai suna CREPS ya tono gas a Jabal Barga, a kwarin Ahnet da ke yankin In Salah, garin da yake kusan kilomita 700 arewa da Tamanrasset kuma ya daɗe yana cikin lardinta kafin a ba shi nasa lardin a gyaran da ya fara aiki a 2021. An rufe bakin rijiyar aka bar ta, domin a wancan lokaci babu bututu, babu mai saye, kuma teku ya yi nisa, sai da aka yi shekara hamsin cur kafin gas na yankin In Salah ya fara tafiya kasuwa. Wannan jinkiri shi ne darasi na farko da duk wanda ya shiga harkar yake koya, cewa arzikin da ba shi da hanyar fita bai zama arziki ba tukuna.

Shekarar 1956 ce ta sauya lissafi, domin a watan Janairu aka sami mai a Edjeleh kusa da iyakar Libiya, a tsakiyar shekara aka gano Hassi Messaoud, wanda har yau shi ne filin mai mafi girma a ƙasar, sannan a watan Nuwamba aka gano Hassi R'Mel, wanda yake cikin manyan filayen gas na duniya. Faransa ta gaggauta kafa hukumar OCRS a 1957 don ta riƙa gudanar da Sahara daban da arewacin Aljeriya, ta kuma fito da dokar man Sahara a 1958 wadda ta ba kamfanoninta sharuɗɗa masu sauƙi, aka fara kai mai ta ƙaramin bututu zuwa Touggourt sannan a ɗora shi a jirgin ƙasa zuwa tashar ruwa, kafin babban bututun Bejaia ya fara aiki a 1959. Batun ko Sahara za ta kasance cikin Aljeriya mai 'yanci ya tsawaita yaƙin, har sai da Janar de Gaulle ya sassauto a watan Satumba na 1961, aka kuma sa hannu a yarjejeniyar Evian ranar 18 ga Maris, 1962. Yarjejeniyar ta bar ƙasar a hannun 'yan ƙasa, amma ta bar rijiyoyin a hannun kamfanonin Faransa, ta kuma bar wa sojan Faransa sansanonin gwajin makamai na wasu shekaru, ciki har da In Ekker, kimanin kilomita 150 arewa da Tamanrasset, inda aka yi gwaje-gwajen nukiliya a cikin dutse daga 1961 zuwa 1966, kuma inda gwajin ranar 1 ga Mayu, 1962 ya ƙwace ya watsa ƙura mai guba. Mutanen Ahaggar ba su manta da wannan ba, kuma duk wanda ya zo musu da maganar wani aiki a ƙarƙashin ƙasarsu da alkawarin cewa babu illa, da wannan tunanin suke sauraronsa.

Daga bututu ɗaya zuwa mallakar ƙasa

An kafa Sonatrach ranar 31 ga Disamba, 1963, ƙarƙashin shugabancin Belaid Abdessalam, kuma sunan da aka ba shi a lokacin ya nuna ƙanƙantar aikinsa, domin jigilar mai da sayar da shi kawai aka ɗora masa. Aikinsa na farko shi ne shimfiɗa bututu mai tsawon kimanin kilomita 800 daga Haoud El Hamra, matattarar man Hassi Messaoud, zuwa tashar Arzew, wanda aka kammala a 1966 da taimakon wani kamfanin gine-gine na Ingila, duk da cewa kamfanonin Faransa ba su so ƙasar ta mallaki bututun ita kaɗai ba. Hikimar farawa da bututu a fili take, domin wanda ya riƙe hanya ya san yawan abin da ke wucewa, ya kuma sami bakin magana a kan farashi. A wannan shekara ce aka faɗaɗa aikin kamfanin ya haɗa da bincike da haƙowa da tacewa, Sid Ahmed Ghozali ya karɓi ragamarsa ya riƙe har ƙarshen shekarun 1970, bayan da Abdessalam ya zama ministan masana'antu da makamashi.

Abin da tsofaffin ma'aikata suka fi jaddadawa game da wannan zamani shi ne makaranta. An buɗe cibiyar koyon aikin mai da sinadarai a Boumerdes a 1964 da taimakon Tarayyar Sobiyet, aka kafa Cibiyar Man Fetur ta Aljeriya a 1965, aka kuma tura ɗaruruwan matasa karatu ƙasashen waje, saboda shugabannin sun san cewa ranar da za a karɓi rijiyoyi tana tafe, kuma takardar doka ba ta iya juya bawul. A hankali aka riƙa matsawa: yarjejeniya da Faransa a Yulin 1965, karɓe harkar rarraba mai a cikin gida daga hannun kamfanonin waje a 1967 da 1968, yarjejeniya da kamfanin Getty na Amurka a 1968 wadda ta ba Sonatrach kashi 51 cikin ɗari, sai shiga ƙungiyar OPEC a 1969.

Ranar 24 ga Fabrairu, 1971, Shugaba Houari Boumediene ya sanar da cewa ƙasa ta karɓi kashi 51 cikin ɗari na kamfanonin mai na Faransa, ta kuma karɓi filayen gas da dukan bututai baki ɗaya, kuma kalmar Larabci da ya yi ta nanatawa a jawabin, wato ƙararna, ma'ana mun yanke shawara, ta zama sunan da ake tuna ranar da shi. Kamfanonin Faransa suka janye ƙwararrunsu, suka yi kira da a ƙaurace wa man Aljeriya, wanda suka yi wa laƙabi da jan mai, haƙowa ta ragu ƙwarai a wannan shekara, amma matasan injiniyoyin da ba su daɗe da barin aji ba suka riƙe Hassi Messaoud bai tsaya ba, har kamfanin CFP ya sasanta a watan Yuni, Elf-ERAP kuma a watan Disamba. A cikin kamfanin, wannan ne mizanin da ake auna kowane zamani da shi, kuma shi ya sa duk wata doka da ta taɓa kason 51 cikin ɗari take tayar da ƙura fiye da yadda baƙo zai zata.

Zamanin gas, bashi da buɗe ƙofa

Aljeriya ta fi arzikin gas a kan na mai, kuma tun 1964 masana'antar CAMEL da ke Arzew ta zama ta farko a duniya da ta riƙa sanyaya gas don kasuwanci har ya koma ruwa, abin da ke faruwa idan sanyi ya kai kusan digiri 162 ƙasa da sifili, inda girmansa ke raguwa kusan sau 600 a iya loda shi a jirgin ruwa, kuma Ingila ce ta fara saye. A shekarun 1970 Sonatrach ya ci bashi mai yawa ya gina manyan masana'antun irin wannan a Arzew da Skikda, bisa wani dogon tsari da aka kira Valhyd, wanda ya yi nufin a fito da arzikin ƙasa da sauri a gina masana'antu da kuɗinsa. Bayan rasuwar Boumediene a Disambar 1978, gwamnatin Chadli Bendjedid ta soki tsarin da cewa gaggawa ce da za ta cinye rabon jikoki, rikicin farashi ya rusa cinikin da aka ƙulla da kamfanin El Paso na Amurka, sannan a farkon shekarun 1980 aka rarraba kamfanin zuwa ƙananan kamfanoni, waɗanda a cikinsu akwai Naftal mai gidajen mai, da ENTP da ENAFOR masu haƙa rijiyoyi, da ENAGEO mai binciken girgiza, wato aika sauti cikin ƙasa a saurari amsa-kuwwarsa don a zana taswirar duwatsun da ke ƙasa. A 1983 bututun Transmed ya fara kai gas Italiya ta Tunisiya da ƙarƙashin teku.

Faɗuwar farashin mai a 1986 ta tona asirin dogaro da abu ɗaya, domin ƙasar da mai da gas ke kawo mata fiye da kashi 90 cikin ɗari na kuɗin waje ta wayi gari da bashi a wuya, babu kuɗin haƙa sababbin rijiyoyi, har abin ya kai ga tarzomar Oktoban 1988. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma a harkar mai maganar ta zauna daram, tunda rijiyar bincike ɗaya a tsakiyar Sahara tana cin miliyoyin daloli kuma mai yiwuwa ne a tarar da ita busasshiya. Saboda haka aka yi dokar 1986, aka kuma sassauta ta a 1991, aka ba kamfanonin waje damar shigowa bisa tsarin raba abin da aka haƙo, wanda a cikinsa baƙo ne ke zuba jarin bincike ya ɗauki asara idan ba a samu ba, idan kuma an samu ya mayar da kuɗinsa ya karɓi kasonsa daga man. Kamfanin Anadarko na Amurka, wanda ya shigo a 1989, da abokan aikinsa sun gano manyan filaye a kwarin Berkine, ciki har da Ourhoud, a daidai shekarun da arewacin ƙasar ke cikin yaƙin basasa, aka kuma buɗe bututun da ya ratsa Maroko zuwa Sifen a 1996. Sakamakon wannan shi ne ɗanyen mai ya haura zuwa kusan ganga miliyan 1.4 a rana wajen 2007 da 2008, ganga ɗaya kuwa lita 159 ce, fitar da gas ya zarce kubik mita biliyan 60 a tsakiyar shekarun 2000, kuma jimillar mai da gas da ake haƙowa ta wuce kwatankwacin tan miliyan 230 na mai a shekara, matsayin da ba a sake kaiwa ba tun daga lokacin.

Tsufan filaye da ƙaruwar buƙatar gida

Dalilan koma-bayan da ya biyo baya sun haɗa da na ƙasa da na ofis. Filin gas kamar salka ce cike da iska: a farkon rayuwarsa matsin da ke cikinsa shi ke turo gas zuwa sama da kansa, amma kowace shekara matsin na raguwa, har a kai lokacin da sai an kafa manyan injunan matsa iska su zuƙo shi su tura shi cikin bututu. Hassi R'Mel, wanda ya fara aiki tun 1961, ya shiga wannan hali, shi ya sa aka yi masa zango-zango na aikin ƙara matsi, kuma a 2024 aka ba kamfanonin Baker Hughes da Tecnimont kwangilar sabon zango na fiye da dala biliyan 2. A Hassi Messaoud kuma, inda man yake a zurfin fiye da mita 3,000 cikin dutsen yashi mai tauri, ana mayar da gas da ruwa cikin ƙasa don su tura man zuwa bakin rijiya, wanda ke nufin wani kaso mai tsoka na gas da ake haƙowa ba ya zuwa kasuwa ko kaɗan. Mai karanta kasafin kamfanin ya kamata ya san cewa mafi yawan kuɗin da ake kira na faɗaɗawa ana kashe su ne don kada abin da ake da shi ya ragu.

Ta fuskar ofis, dokar 2005 da ministan makamashi Chakib Khelil ya jagoranta ta kafa hukumar ALNAFT mai ba da filaye da hukumar ARH mai sa ido, ta kuma nemi rage kason Sonatrach, amma a 2006 aka maido da kashi 51 cikin ɗari tare da sabon haraji a kan ribar da ta wuce ƙima, lamarin da ya sanyaya gwiwar masu jari, har a gwanjon 2014 aka fitar da filaye 31 aka sami masu karɓar 4 kacal. Binciken cin hanci na 2010 ya yi awon gaba da shugabannin kamfanin, kuma daga lokacin zuwa yau mutum kimanin goma sun hau kujerar shugabancinsa, alhali aikin filin gas yakan ɗauki shekara bakwai zuwa goma daga ganowa zuwa fara sayarwa. Gobarar masana'antar Skikda a Janairun 2004, wadda ta kashe mutum 27, da harin Tiguentourine kusa da In Amenas a Janairun 2013, wanda ma'aikata kusan 40 suka rasa rayukansu a cikinsa, sun bar tabo a zukatan ma'aikatan da ke zaman mako huɗu a sansani mako huɗu a gida, sun kuma ƙara tsadar kowane aiki a kudu.

A gefe guda kuma, al'ummar da ba ta wuce miliyan 11 ba a lokacin samun 'yanci ta haura miliyan 45, kusan dukan wutar lantarkinta daga gas take, kuma farashin makamashi a gida yana cikin mafi araha a duniya. A 'yan shekarun nan gas da ke isa kasuwa yana kai-kawo wajen kubik mita biliyan 100 a shekara, kusan rabi ana shanye shi a gida, ɗanyen mai kuma yana tsakanin ganga dubu 900 da miliyan ɗaya a rana bisa kason ƙungiyar OPEC da ƙawayenta. A Tamanrasset ana ganin wannan lissafi da ido: tankokin mai suna hawowa daga arewa ta mashigin Arak, suna tafiya a hankali a titin da zafi da nauyi suka farfasa, su sauke a gidajen mai inda litar fetur ba ta kai dinari 50 ba, sannan wani ɓangare na man ya sulale cikin jarkoki ya nufi In Guezzam da Assamaka da Arlit, inda farashinsa ke ninkawa. Fataken Agadas da Tawa da Damagaram da Kano, waɗanda Hausarsu ke tashi a kasuwannin birnin da bajekolin Assihar, sun san cewa dabino da taliya da garin madara da suke saye duk kuɗin mai ne ya sauƙaƙa su ko ya kawo su.

In Salah: gas, ruwa da yarda

Gas na yankin In Salah ya fara fita a 2004 ta haɗin gwiwar Sonatrach da BP da Statoil, da ƙarfin kimanin kubik mita biliyan 9 a shekara, aka ƙara masa filayen kudu a 2016, daga baya kamfanin Eni na Italiya ya sayi kason BP. Gas ɗin yana fitowa da iskar kabon mai yawa wadda dole a tace ta kafin a sayar, kuma maimakon a sake ta sama, an riƙa tura ta cikin ƙasa a Krechba daga 2004 zuwa 2011, kimanin tan miliyan 3.8, aikin da masana na duniya suka yi ta nazari a kansa kafin a dakatar da shi saboda damuwa a kan dutsen da ke rufe da ita.

A ƙarƙashin wannan yanki kuma akwai wata ajiyar, wato tsohon ruwan da ake kira Albiyan, wanda ya taru tun zamanin da Sahara ke da damina kuma kusan ba ya sabuntuwa. Daga shi gonakin dabino na Tidikelt, wato yankin In Salah, ke sha ta fuggara, wato ramukan da kakanni suka haƙa a ƙarƙashin ƙasa ruwa ke gangarowa ta cikinsu, kuma daga shi ne tun 2011 ake turo ruwan sha zuwa Tamanrasset ta bututu mai tsawon kimanin kilomita 750, wanda tashoshin turi ke hawar da ruwansa tudun fiye da mita 1,000. Don haka duk famfon da aka buɗe a Tamanrasset, ruwan In Salah ne ke zuba.

A 2013 hukumar bayanan makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa Aljeriya ce ta uku a duniya, bayan Sin da Ajantina, a yawan gas da ke maƙale cikin dutsen laka, wanda mutanen yankin ke kira shist. Irin wannan gas ba ya fitowa sai an haƙa rijiya ta miƙe ƙasa sannan ta kwanta, a tura mata ruwa mai yawa haɗe da yashi da sinadarai da matsi mai tsanani har dutsen ya tsattsage. A ƙarshen Disambar 2014 aka kunna wutar rijiyar gwaji ta farko a Ahnet, ranar 1 ga Janairu, 2015 kuma mutanen In Salah suka fito, suka zauna a dandalin da suka raɗa wa suna Sahat Essoumoud, wato dandalin jajircewa, maza da mata, malaman makaranta da manoma da injiniyoyi 'yan garin, suka kafa tantuna suna girki da sallah a wurin har tsawon watanni, zanga-zangar ta bazu zuwa Tamanrasset da Ouargla, aka kuma yi arangama da jami'an tsaro a ƙarshen Fabrairu. Gwamnati ta ce gwaji ake yi kawai, daga bisani aikin ya lafa. Abin da ya faru ya zo ne shekara biyu bayan babban gangamin marasa aikin yi na Ouargla a Maris na 2013, kuma saƙon biyun ɗaya ne: yankin da ake ɗebo arzikin ƙasa daga cikinsa yana son a tambaye shi, a ɗauki 'ya'yansa aiki, a kuma kare masa ruwa. Ko gas na girki ta bututu bai iso Tamanrasset ba sai a ƙarshen shekarun 2010, ta layi mai tsawon fiye da kilomita 500 daga Tidikelt, bayan gas na yankin ya daɗe yana dafa abinci a Turai.

Shirye-shiryen faɗaɗa da hanyar kudu

Dokar Disambar 2019 ta rage haraji ta kuma maido da tsarin raba abin da aka haƙo, ba tare da ta taɓa rinjayen Sonatrach ba. Yaƙin Rasha da Yukren ya sa Turai ta juyo, inda a Afrilun 2022 aka amince da Eni a ƙara har kubik mita biliyan 9 a shekara ta Transmed, Aljeriya ta zama ta farko a masu sayar wa Italiya gas, kuɗin shigar kamfanin daga waje ya kai kusan dala biliyan 60 a wannan shekara. Tsarin jari na shekara biyar ya tashi daga kimanin dala biliyan 40 zuwa biliyan 50 na 2024 zuwa 2028, mafi yawansa na bincike da haƙowa, hukumomi kuma suna maganar kai jimillar gas da ake haƙowa kubik mita biliyan 200 a shekara. Filayen kudu maso yamma, wato Reggane ta Arewa da Timimoun da Touat, sun shigo tsakanin 2017 da 2019, gwanjon da aka kammala a Yunin 2025 ya ba da filaye biyar cikin shida, kuma a 2024 ExxonMobil da Chevron, waɗanda suka ƙware a gas na dutsen laka, kowanne ya sa hannu a takardar fahimta da ta ambaci kwarin Ahnet. Tsofaffin filaye ba za su iya kai ƙasar ga adadin da ake buri ba, saboda haka maganar da aka jingine a 2015 tana dawowa bakin ƙofar In Salah.

Hanyar kudu kuwa ta shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Tun 2002 Sonatrach da NNPC, kamfanin mai na Najeriya, suka fara maganar bututun da zai ratsa Sahara, aka sa hannu a yarjejeniyar gwamnatoci a Abuja a Yulin 2009, aka sabunta ta a Aljiyas a Yulin 2022, aka kuma amince a Fabrairun 2025 a sake nazarin yiwuwar aikin. Bututun zai kai fiye da kilomita 4,000 daga kudancin Najeriya ta Kano da Nijar zuwa Hassi R'Mel, ya ɗauki har kubik mita biliyan 30 a shekara, kuma layin Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da gininsa a 2020, shi ne ƙafarsa ta Najeriya. A arewacin Nijar kuma reshen Sonatrach na ƙasashen waje yana riƙe da filin Kafra da ke jikin iyaka, inda aka sanar da samun mai a 2018. Cikas ɗin sanannu ne: tsaron hanya, wanda zai ba da jari, gasar bututun da Najeriya ke shiryawa da Maroko ta gaɓar teku, da kuma siyasar maƙwabtaka, kamar tsamin dangantakar da ya biyo bayan harbo jirgin Mali marar matuƙi kusa da Tin Zaouatine a farkon Afrilun 2025.

Akwai kuma ƙarfin da yake kwance a gida wanda ba ya buƙatar sabuwar rijiya. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa Aljeriya tana ƙone kimanin kubik mita biliyan 8 na gas a bakin rijiyoyi a shekara, adadin da ya kusa abin da bututun Medgaz ke kai wa Sifen, kuma kowace tashar hasken rana da aka kafa a kudu, inda rana ba ta yanke alkawari, tana 'yanta gas ɗin da za a ƙone don lantarki, abin da ya sa shirin megawat 15,000 zuwa 2035 yake cikin lissafin masu harkar gas.

Waɗanda suka gina Sonatrach sun fara da bututu da makaranta kafin su nemi rijiyoyi, kuma wannan jerin ne ya sa matakin 1971 ya tsaya da ƙafarsa. Faɗaɗawar da ke tafe za ta gudana ne a ƙasar da ruwanta ba ya dawowa idan ya gurɓace, tsakanin mutanen da suka ga In Ekker suka kuma zauna a Sahat Essoumoud, don haka abin da ya wajaba a gabatar a wannan karon shi ne awon ruwan Albiyan da za a riƙa bayyana wa jama'a, da horar da 'ya'yan In Salah da Tamanrasset da In Guezzam har su zama su ne injiniyoyin da ke riƙe da bawul, da kuma tabbatar da cewa bututun da zai bi ta Kano da ƙasar Agadas ya bar wuta da aikin yi a garuruwan da ya ratsa. Najeriya da Nijar, waɗanda su ma suke da kamfanonin mai na ƙasa da yankunan da ake haƙa a cikinsu, suna da abin dubawa a nan kafin a fara shimfiɗa ƙarfe a cikin rairayi.